Gudummawar kuɗin kirifto ga ƙungiyoyin agaji

Gudummawar kuɗin kirifto ita ce bayar da Bitcoin, Ether, USDT ko wani nau'i na kuɗin intanet ga ƙungiyar agaji, gidauniya, masallaci, coci ko kwamitin taimakon jama'a, a maimakon tsabar kuɗi ko turawa ta banki. An fara ta ne shekaru biyu bayan ɓullowar Bitcoin a 2009, kuma ta fi yin tasiri a lokutan da hanyar banki ta toshe, ko dai saboda gwamnati ta rufe asusu, ko saboda yaƙi, ko saboda wahalar tura kuɗi daga wata ƙasa zuwa wata. A Najeriya ta yi fice a zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoba 2020, sannan a Jihar Kaduna an taɓa gina makaranta da irin wannan gudummawa. Amfaninta a fili yake wajen tsallakar da kuɗi kan iyaka cikin mintuna. Rauninta yana bayyana ne daga lokacin da aka zo mayar da kuɗin naira a kai wa mabuƙaci.

Yadda ake bayarwa

Ƙungiyar da za ta karɓi kirifto tana buɗe asusu da ake kira walat. Kowane walat yana da adireshi, wato dogon jerin haruffa da lambobi da ake iya nuna wa kowa, da kuma makullin sirri wanda duk wanda ya riƙe shi ne mai ikon fitar da abin da ke ciki. Galibi ana ajiye makullin a matsayin kalmomi 12 ko 24. Mai bayarwa yana kwafar adireshin a wayarsa ko kwamfutarsa, ya sa adadin da yake so, ya tura. Ba a buƙatar izinin banki, kuma ba ruwan hanyar da ranar hutu ko dare. A tsarin Bitcoin ana ƙara sabon shafi a kundin hada-hada kusan kowane minti goma, wasu tsare-tsaren kuma sun fi haka sauri nesa ba kusa ba.

Wannan kundi, da ake kira bulokcen, a buɗe yake. Duk wanda ya san adireshin ƙungiya zai iya duba nawa ya shiga, yaushe, kuma zuwa wane adireshi aka fitar. Abin da kundin ba ya nunawa shi ne sunan mutumin da ke bayan adireshi. Haka kuma turawar ba ta warwaruwa. Wanda ya yi kuskuren harafi, ko ya tura USDT ta wata hanyar da walat ɗin mai karɓa ba ya aiki da ita, yana iya rasa kuɗin baki ɗaya, kuma babu ofishin da zai je ya kai kuka.

Manyan ƙungiyoyi da yawa ba sa riƙe kirifton da kansu. Suna bi ta kamfanonin tsakiya, irin su The Giving Block da aka kafa a Amurka a 2018, waɗanda ke karɓar gudummawar su sayar nan take su zuba dala a asusun bankin ƙungiya. Masu riƙewa da kansu sukan yi amfani da walat mai makulli da yawa, wanda ba ya sakin kuɗi sai mutum biyu ko uku daga cikin amintattu sun amince, kamar yadda ake sa hannun shugaba da ma'aji a kan cek.

Asali da manyan misalai

Tun farko toshewar banki ce ta jawo hankali ga wannan hanya. A watan Disamba 2010 kamfanonin Visa, Mastercard da PayPal suka daina karɓar wa shafin WikiLeaks gudummawa, sai shafin ya koma karɓar Bitcoin a 2011. Ƙungiyar Save the Children ta fara karɓa a 2013, Gidauniyar Wikimedia kuma a 2014.

A watan Disamba 2017, lokacin da farashin Bitcoin ya yi tashin gwauron zabo, wani da bai bayyana sunansa ba ya kafa Pineapple Fund, ya raba Bitcoin 5,104, kimanin dala miliyan 55, ga ƙungiyoyi 60. A watan Oktoba 2019 asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya buɗe wani asusu na musamman da ke karɓar Bitcoin da Ether ya kuma rarraba su a hakan ba tare da canzawa ba. Gudummawar farko daga Gidauniyar Ethereum ta fito. Kwana biyu da fara mamayar Rasha, ranar 26 ga Fabrairu 2022, gwamnatin Yukiren ta wallafa adireshin walat ɗinta a Twitter, kuma cikin makonni kaɗan aka tara mata miliyoyin daloli masu yawa.

A Amurka akwai wani dalili da ba na tausayi kawai ba. Tun 2014 hukumar harajin ƙasar ke ɗaukar kirifto a matsayin kadara, don haka wanda ya riƙe shi fiye da shekara guda ya kuma ba da shi kai tsaye ga ƙungiyar agaji mai rajista ba ya biyan harajin ribar da ya samu, sannan ana rage masa darajar kyautar daga kuɗin da za a yanka wa haraji. Wannan ne ya sa gudummawar kirifto ke hauhawa a shekarun da farashi ya tashi, ta kuma ja baya idan kasuwa ta faɗi.

Ba kowace ƙungiya ce ta ci gaba ba. A watan Mayu 2022 Gidauniyar Wikimedia ta daina karɓa bayan masu aikin sa-kai sun buƙaci hakan, musamman saboda yawan wutar lantarkin da haƙar Bitcoin ke ci. Abin da ta samu ta wannan hanya a shekarar da ta gabata bai wuce kimanin dala 130,000 ba, daga mutum 347, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na kuɗin shigarta.

EndSARS da kuɗin Feminist Coalition

A farkon Oktoba 2020 matasa suka fara zanga-zangar neman rusa rundunar 'yan sanda ta SARS. Wata ƙungiyar mata mai suna Feminist Coalition, wadda aka kafa a shekarar, ta ɗauki nauyin tara kuɗi domin abinci, ruwa, magani da lauyoyin waɗanda aka kama. Da fari ta banki da kamfanin Flutterwave ake turawa. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ta sanar cewa an dakatar da asusunta kuma hanyar biyan ta daina aiki, sai ta koma Bitcoin. Ranar 14 ga Oktoba shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ya yi kira ga mabiyansa su taimaka ta Bitcoin, abin da ya kai maganar ga idon duniya.

Ƙungiyar ta riƙa wallafa lissafin shiga da fita kusan kullum. Lokacin da ta rufe karɓar gudummawa ranar 22 ga Oktoba, kwana biyu bayan harbin da aka yi a Lekki, jimillar da ta bayyana ta kusa naira miliyan 148, kuma rahotanni sun ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari ta Bitcoin ya shigo. A farkon Nuwamba Babban Bankin Najeriya, CBN, ya samu umarnin Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja na rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar, ba a kuma buɗe su ba sai a watan Fabrairu 2021. Walat ɗin Bitcoin kuwa babu bankin da za a aika wa takarda ya rufe shi.

Buɗaɗɗen kundin ya nuna ɗaya fuskarsa bayan wata biyar. A watan Maris 2021 masu bibiya suka ga an fitar da ragowar Bitcoin daga walat ɗin, aka yi ta ce-ce-ku-ce a shafukan sada zumunta, har sai da ƙungiyar ta fitar da bayani kan yadda ta canza kuɗin da inda ta kai su. Kundin ya nuna cewa kuɗi sun fita. Bai iya nuna abin da aka yi da su ba. Wannan sai takardun ƙungiya da amincewar jama'a.

A Arewa zanga-zangar ba ta samu karɓuwa irin ta Legas ba. Gwamnonin yankin sun nuna adawa da rusa SARS, ƙungiyoyin matasa kuma suka fi mayar da hankali kan kashe-kashe da garkuwa da mutane a Zamfara, Katsina da yammacin Kaduna.

Makarantar Sanga

Misalin da ya fi kusa a Arewa shi ne na shirin Built With Bitcoin, wanda kamfanin cinikin kirifto na Paxful ya fara a 2017 ƙarƙashin shugabansa Ray Youssef, tare da ƙungiyar samar da ruwan sha ta Zam Zam Water da Yusuf Nessary ke jagoranta. Manufar da aka sanar ita ce gina makarantu 100 da gudummawar Bitcoin. An fara da gundumar Bugesera a Ruwanda, aka biyo da Kenya, sannan a 2020 aka sanar da gina makarantar ƙananan yara a Ƙaramar Hukumar Sanga da ke kudancin Jihar Kaduna.

Zaɓen Najeriya ba kwatsam ba ne, domin a lokacin tana cikin manyan kasuwannin Paxful, kuma aikin alherin ya zama talla ga kamfanin. Abin lura a nan shi ne Bitcoin bai taɓa ƙasar Sanga a matsayin Bitcoin ba. Siminti, bulo, kwano da ladan magina duk da naira ake biyan su. Kirifton ya yi aikinsa ne daga aljihun mai bayarwa a Amurka ko Turai zuwa hannun masu shirya aikin, daga nan kuma sai tsarin gini na yau da kullum ya karɓa. Paxful ya dakatar da aiki na ɗan lokaci a watan Afrilu 2023 saboda rikici tsakanin waɗanda suka kafa shi, abin da ya nuna haɗarin jingina aikin agaji ga lafiyar kamfani guda.

Matsayin doka a Najeriya

Ranar 5 ga Fabrairu 2021 CBN ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Umarnin bai haramta wa mutum riƙe kirifto ba, ya dai raba harkar da banki, sai ciniki ya koma tsakanin mutum da mutum, wanda 'yan harkar ke kira P2P. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta ƙaddamar da nata kuɗin intanet, eNaira, wanda ba kirifto ba ne domin babban banki ke iko da shi. A watan Disamba 2023 CBN ya janye umarnin, ya ba bankuna damar buɗe wa kamfanonin kirifto masu lasisi asusu.

Sassaucin bai daɗe ba aka shiga rikici da Binance. A watan Fabrairu 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, gwamnati ta zargi dandalin da hannu a faɗuwar naira, ta tsare jami'ansa biyu, kuma a watan Maris kamfanin ya daina duk wata hada-hada da naira. A watan Agusta hukumar kula da hannayen jari, SEC, ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar.

Ƙungiyar agaji tana da nata nauyin ko da wane irin kuɗi take karɓa: rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da kuma sashen SCUML na hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Dokokin 2022 kan halasta kuɗin haram da kan ta'addanci sun sake tsara wannan sa ido. Gudummawar da ta shigo daga adireshin da ba a san mai shi ba tana iya jefa ƙungiya cikin tuhuma, musamman mai aiki a yankin da ke fama da 'yan bindiga. Zaton cewa ba a iya bin sawun kirifto kuskure ne: a watan Agusta 2020 ma'aikatar shari'ar Amurka ta sanar da ƙwace ɗaruruwan asusun kirifto da ta ce ƙungiyoyin ta'adda na tara kuɗi da su, kuma ta hanyar bin kundin aka gano su.

Daga walat zuwa hannun mabuƙaci

Kamfanin bincike na Chainalysis ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 59 sun shigo ta wannan hanya daga Yuli 2023 zuwa Yuni 2024. Amma wannan hada-hada ta birane ce, ta masu babbar waya da data. Waɗanda suka fi buƙatar agaji galibi ba su cikinta.

Yankin Birnin Gwari, kimanin kilomita 120 yamma da garin Kaduna, ya isa misali. Shekaru da dama hare-haren 'yan bindiga daga dajin Kamuku da kewayensa sun raba ƙauyuka da mutanensu, sun hana noma, sun mayar da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari abin tsoro. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassa da suka haɗa da wannan yanki, ba a maido da su ba sai ƙarshen Nuwamba. An kuma hana hawa babura da cin wasu kasuwannin mako. A irin wannan hali ɗan yankin da ke zaune a Ingila ko Saudiyya zai iya tura USDT cikin minti guda ga wani a garin Kaduna, amma daga nan sai an sayar, an tura nairar banki, an cire a wurin mai POS da ke da sabis, an sayi masara da magani, an samu direban da zai yarda ya bi hanya. Duk waɗannan matakai ba su cikin kundin bulokcen, kuma a cikinsu ne kuɗin agaji ke raguwa ko salwanta. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara fito da wannan: kuɗi na iya kasancewa a waya alhali mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye ba ya karɓar komai sai takarda.

Hukumomin duniya da suka gwada kai kirifto har hannun mabuƙaci sun yi hakan ne bayan tanadin wurin canji. A watan Disamba 2022 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta fara tura USDC kai tsaye zuwa wayoyin wasu da yaƙi ya raba da gidajensu a Yukiren, su kuma su je rassan MoneyGram su karɓi tsabar kuɗi. Shirin Abinci na Duniya, WFP, tun 2017 yake amfani da fasahar bulokcen a sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan, amma don ajiye lissafin rabon abinci ne, ba don bai wa mutane Bitcoin ba.

Sai kuma hawa da saukar farashi. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a watan Nuwamba 2021, bayan shekara guda ya sauka kusa da dala 16,000. Ƙungiyar da ta yi alkawarin haƙa rijiyoyi huɗu ta riƙe kuɗin a haka za ta iya farkawa da kuɗin guda ɗaya. A watan Mayu 2021 Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Ethereum, ya ba asusun yaƙi da korona na Indiya kuɗin Shiba Inu da aka ƙiyasta a dala biliyan ɗaya. Labarin na fita farashin ya faɗi, kuma abin da aka samu bayan sayarwa bai kai wannan adadi ba. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi suka fi son USDT da USDC, waɗanda aka ɗaure darajarsu da dala. A Najeriya wannan na iya zama riba idan naira ta faɗi. Su ma ba su da tabbas ɗari bisa ɗari, domin wani irinsu mai suna TerraUSD ya rushe a watan Mayu 2022.

Zakka, sadaka da ra'ayin malamai

Malaman Musulunci ba su haɗu a kan hukunci ɗaya ba. Hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta ce a 2017 cinikin kirifto bai dace da addini ba a halin da yake. Babban Muftin Masar na lokacin, Shauƙi Allam, ya haramta Bitcoin a farkon 2018, Majalisar Malaman Indunisiya kuma ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a watan Nuwamba 2021. Hujjojin sun haɗa da garari, kama da caca, da rashin hukumar da ke tsaya masa. A ɗaya ɓangaren, majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarin Maleshiya ta halasta cinikinsa a dandali masu rajista a 2020, bisa ganin cewa dukiya ce mai daraja a al'adar mutane.

Waɗanda suka ɗauke shi dukiya suna cewa zakka na hawa kansa kamar kuɗi ko kayan kasuwanci: idan darajarsa ta kai nisabi, wanda aka saba ƙiyastawa da giram 85 na zinariya, shekara ta kuma zagayo, sai a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari bisa farashin ranar fitarwa. A azumin 2018 wani masallaci da ke titin Shacklewell a unguwar Hackney ta birnin Landan ya karɓi zakka da sadaka ta Bitcoin da Ether, abin da ya sa aka san shi a matsayin na farko a Birtaniya.

Akwai mas'aloli biyu da suka shafi masu bin mazhabar Malikiyya a ƙasar Hausa. Ta farko, zakka tana da masu cin ta guda takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, don haka ba kowane aikin ƙungiya ne za a biya da ita ba, saɓanin sadaka da waƙafi. Ta biyu, asali a mazhabar shi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai idan mutanen can sun fi tsananin buƙata. Sauƙin tura kirifto ko'ina a duniya bai ɗauke wannan sharaɗi ba.

Damfara da kuɗin da ba su da tsabta

Duk lokacin da bala'i ya auku, 'yan damfara kan buɗe shafukan bogi da sunan sanannun ƙungiyoyi su liƙa adireshin walat nasu. An ga haka bayan mamayar Yukiren da kuma girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta Fabrairu 2023. Tunda adireshi ba ya ɗauke da suna, kariyar mai bayarwa ita ce ya ɗauko shi daga shafin ƙungiyar na ainihi, ba daga saƙon WhatsApp ko Telegram da aka yi ta turawa ba, ya kuma fara gwadawa da ɗan ƙaramin adadi. A Arewa, inda matasa da yawa suka shiga harkar ta wasannin danna waya irin su Notcoin da Hamster Kombat a 2024, sannan dandalin CBEX ya rushe da kuɗin dubban 'yan Najeriya a watan Afrilu 2025, kalmar kirifto kanta ta zama abin ɗari-ɗari ga dattawan da galibi su ke riƙe da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ci gaban gari.

Mai karɓa ma yana iya shiga matsala. Kamfanin FTX na Sam Bankman-Fried ya yi suna wajen alkawarin kyaututtuka masu yawa ga masu bincike da ƙungiyoyin agaji. Da ya durƙushe a watan Nuwamba 2022, aka gano an yi wadaƙa da kuɗin masu ajiya, sai waɗanda aka ɗora wa kula da ragowar dukiyar kamfanin suka nemi waɗanda suka karɓi kyauta su mayar. Wasu ƙungiyoyin sun mayar da miliyoyin daloli, an kuma yanke wa Bankman-Fried hukuncin ɗaurin shekara 25 a watan Maris 2024.